Makullin Akwatin Duwatsu

Da tsinin takalminsa ya fara zungurar buhun, kamar wanda ya tarar da mushe a bakin ƙofarsa. Yara sittin da 'yan kai suka yi tsit, kowanne da dutse a hannu. Wata ma nata yana kan harshenta, don ni na ce ta lasa ta ji. 'Yata Auta tana tsaye jikin allo riƙe da alli. Ni kuwa ina tsugune a gaban aji, don shi ne zaman da na iya. Shekara arba'in da ɗaya ina haƙar rijiya, kujera ba ta san ni ba.

"Wa ya shigo da wannan?" in ji shugaban makarantar.

Bai dube ni ba. Kafin ma ya buɗe baki makullansa sun riga shi sallama, curi guda a ƙugunsa kamar na gandiroba. Shi ya sa malamai da ɗalibai suke kiransa Mai Makullai a bayan idonsa.

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Darasin duwatsu muke yi."

"Ban tambayi mahaifin wa ba ne. Yana da takardar koyarwa?"

Na ce, "Ina da ita, ranka ya daɗe. Ga ta."

Na buɗe masa tafukan hannuna, duk kanta, babban yatsan hagu babu farce. Yara suka tuntsire da dariya. Wannan dariyar ita ta ci mu. Na daɗe a duniya, na san babba yana yafe zagi, amma ba ya yafe dariyar yara. Sani na yi, bakina ne dai ya riga hankalina.

Ya sa kowane yaro ya mayar da dutsensa cikin buhu. Ya kira masinja ya ja buhun har ƙofar makaranta, inda ruwan sama ke kwanciya ya zama kududdufi, aka juye a ciki.

"Gara su yi amfani, a daina taka taɓo," in ji shi. Ya juya ga yaran. "Wanda na ƙara gani da dutse a hannu, bulala shida." Sannan ne ya ga damar dubana. "Tsoho, nan makaranta ce, ba gindin rijiya ba."

Na ce, "Na ga alama. A gindin rijiya ai in an haƙa ana samun wani abu."

Kafin a tashi ya miƙa wa Auta takardar tuhuma: ta shigo da baƙo ba izini, ta raba wa yara abin jifa. Shekarar gwaji take ciki, saura wata uku a tabbatar da ita a aiki. Muddin takardar nan tana cikin fayil ɗinta, babu tabbatarwa, sai sallama.

* * *

Duwatsun nan ba na tsintuwa ba ne. Duk rijiyar da na haƙa, in na ci karo da abin da ya ba ni mamaki, sai na ɓallo ɗan kaɗan na sa a aljihu. Akwai jan marmara, akwai farar ƙanƙara mai tartsatsin wuta in diga ta same ta, akwai baƙi mai nauyin tsiya da yake jan allura. Wanda na fi so wani fari ne mai laushi, na same shi a zurfin gaba goma sha takwas, da tambarin katantanwa a jikinsa raɗau, kamar jiya ta kwanta a kai. Innar yara ta sha cewa, "Maza na tara gonaki, kai kana tara duwatsu." Auta ce kaɗai take zama tana wanke su tun tana 'yar mitsitsiya, tana jera su a dokin ƙofa. Da ta girma ta je jami'a, ilimin ƙasa ta karanta. Na yi ta yanga a majalisa, ina cewa ni na haƙa, ita ta karanta.

Ba don makarantar ba ta da duwatsu Auta ta kira ni ba. Tana da su. Shekara shida da suka wuce wata ƙungiya mai taimaka wa makarantu ta kawo musu akwati na katako, da duwatsu arba'in a ciki, kowanne a gurbinsa da 'yar takarda mai sunansa. Har da taswirori da ƙwallon duniya da madubin ƙara girma. Aka yi taro, aka ɗauki hoto. Hoton yana rataye a ofis, Mai Makullai yana rungume da akwatin kamar an ba shi jariri. Daga ranar aka kai shi sito aka garƙame.

Sau tara Auta tana neman makullin. Amsar ɗaya ce kullum: "Malama, idan ɗaya ya ɓace, wa zai amsa?" Sai ta koma tana zana musu a allo. To, dutse a allo ai duk alli ne. Mai tauri alli, mai laushi alli.

Ranar da aka juye buhuna, a gida ma ban sha ruwa da daɗi ba.

"Kai dai bakinka ya fi digarka kaifi," in ji Inna, tana buga murfin tukunya. "Yarinya ta yi shekara biyu tana zarya kafin ta samu aikin nan, ka je ka tona mata rami da rana tsaka."

"Shi ya fara."

"Shi ya fara! Ji tsoho da furfura. Shi albashinsa ya tsaya ne?"

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke nata kwafin takardar gida huɗu ta sa a jaka, ta ce, "Baba, da ka yi shiru." Ta shige ɗaki. Mako uku gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

* * *

Wata Alhamis da la'asar ta dawo, ta zauna a kan turmi ko mayafi ba ta cire ba. Ina gyaran igiyar guga.

"Masu akwatin za su dawo ran Litinin," in ji ta. "Suna zagaya makarantu su ga yadda aka yi amfani da kayan. Yau aka buɗe sito."

"To, madalla. Ashe makullin yana juyawa."

"Rufin yana yoyo, Baba. Shekara shida. Gara ta cinye takardun sunayen kaf, ta cinye allunan da suka raba gurabun. Duwatsun sun haɗe wuri guda kamar tsakuwar gini. Ya ce ni ce malamar darasin, in raba su in sa wa kowanne sunansa kafin Litinin. In na kasa, zai haɗa da waccan takardar ya aika sama, ya rubuta cewa ban san aikina ba."

Na yi dariya. "Wannan ne abin zaman makoki? Ke da kika yi shekara huɗu a jami'a?"

Ta ɗago ido, sun kaɗa sun yi ja.

"Na zauna gabansu awa biyu. Shida na gane, su ma don akwai irinsu a buhunka. Sunayen duk suna kaina, in ka tashe ni daga barci zan karanto maka su. Amma ban san fuskarsu ba. Mu ma a jami'a a allo aka zana mana. Akwai akwati a can ma, ya fi wannan girma. Ta gilashin taga muke leƙensa."

Igiyar ta suɓuce daga hannuna. Ni da nake cika baki a majalisa. Ashe rijiya aka nuna wa 'yata, aka ba ta takardar shaidar ta sha ruwa.

* * *

Da safe na sa rigar kirki na tafi ofishinsa. Ya bar ni tsaye, ni ma ban nemi kujera ba.

"Tsoho, an ce maka nan kasuwa ce?"

"A'a, ranka ya daɗe, jaje na zo. Na ji gara ta yi karatun shekara shida a sitonka. Ita dai ta amfana."

Ya ajiye biro. "Matsalar 'yarka ce."

"Haka ne. In ta kasa, za a kore ta. Amma baƙin nan ba 'yata za su tambaya me ya hana a buɗe akwati shekara biyar kafin ta zo ba. Ba ita ce a hoton can ba."

Ya waiwaya ya dubi hoton, ya dawo da kallonsa kaina. Na yi ciniki da masu gidaje sun fi ɗari, na san lokacin da mutum ya gane ruwan da yake nema a hannuna yake.

"Me kake so?"

"Abu biyu. Takardar nan a yage ta a gabana. Makullin akwati kuma a danƙa mata a hannunta."

"Ka iya raba su? Kai da ko sunanka..."

"Ban iya rubutawa ba. Ƙarasa mana. Kai da ka iya, ga sito can."

Ya ce, "In baƙi suka tafi lafiya, ka samu duka biyun."

Na fita ina jin kaina. Na ce a raina, yau na ɗaure kura da igiyar guga.

* * *

Asabar tun da hantsi muka shimfiɗa tabarma a barandar sito. Na zo da wuƙa da ƙusa da fasasshen gilashi da allura da lemun tsami da kwanon ruwa. Auta ta zo da littafinta da jerin sunayen da aka samo a fayil ɗin ofis. Mai Makullai ya kafa kujera daga nesa yana gadinmu, kada mu sace.

"Karanto min halinsa, ki riƙe sunansa," na ce mata.

"Wannan yana ɓarewa falle-falle, yana ƙyalli."

Na laluba na miƙa mata. "Ga shi. Ɓare da farcenki ki gani."

"Wannan farce yana kartarsa, yana da santsi kamar sabulu."

"Shafa waɗannan biyun ki faɗa min."

Ta shafa, ta zaɓa daidai.

Haka muka yi ta yi. Mai kama harshe in an lasa. Mai baƙanta hannu. Mai yanka gilashi. Wasu bakwai ban taɓa haɗuwa da su a ƙarƙashin ƙasa ba, ban kuma yi ƙaryar na san su ba. Ɗaya har yawo yake a kan ruwa kamar ɓawon gyaɗa, na yi salati na ƙara tsoma shi. Auta ta ce daga dutse mai aman wuta ya fito, kumfa ce ta daskare. Nan ita ta koya min. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji ni da 'yata muna haƙa rami ɗaya, ita daga sama, ni daga ƙasa.

Da azahar muka ƙirga, talatin da bakwai. Na gishiri ruwan yoyo ya narkar da shi, sai farin tabo a gindin akwati. Farar ƙanƙara da dutse mai tambarin halittar ruwa kuwa babu su babu dalilinsu.

"Tun ranar hoto manyan baƙi suka sa a aljihu," in ji Mai Makullai, ba ko kunya. "Ka ga abin da nake faɗa? In aka buɗe, ɓacewa suke."

Gishiri na samo dunƙule a kasuwa. Sauran biyun na san inda suke. Na naɗe ƙafar wando na shiga kududdufin ƙofar makaranta, ina laluben taɓo da hannu, yana tsaye a kaina da makullansa.

"A hankali, tsoho, kada ka haƙa mana rijiya a nan."

Na ciro farar ƙanƙara, sannan na ɗago da katantanwata, na wanke ta da bakin rigata. "Ko na haƙa, kullewa za ka yi."

* * *

An ce kada in zo ran Litinin. Na zo, na tsaya a bayan tagar aji.

Shugabar baƙin wata mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. An zaɓo yara goma masu ƙwaƙwalwa, an sa su sun haddace sunayen bi da bi, daga dama zuwa hagu. Suka rero su kamar karatun safe. Mai Makullai yana ta gyaɗa kai.

Matar ta bari suka gama. Sai ta zaro dutse ɗaya daga tsakiya, ta wuce yaran goma, ta nufi bencin baya ta miƙa wa wani. Ya maƙe hannu a baya. Ta miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya noƙe, idonsa a kan ƙugun shugaba. Bulala shida ba wasa ba ce.

"Malama," in ji matar, "me ya sa ɗalibanki suke tsoron dutse?"

Na dubi Auta. In ta faɗi gaskiya, shugaba ya nutse, kuma da ita zai nutse, don takardar tana aljihun teburinsa. In ta yi ƙarya, matar nan ba yarinya ba ce.

Sai wata 'yar baƙa a benci na uku ta miƙe, wadda na taɓa sa ta lasar dutse. Ba ta dubi kowa ba, akwatin take kallo.

"Ni na san wancan," in ji ta.

Ta je ta ɗauko katantanwata. Ta karce gefensa da bakin abin gashinta, ta ce in aka ɗiga masa tsami zai yi kumfa. Ta ce a gaba goma sha takwas aka same shi, kuma wannan tambarin shaida ce cewa ruwa mai yawa ya taɓa kwanciya a inda yau ake takawa. Abin da na faɗa da abin da Auta ta ƙara, a cikin minti ashirin ɗin da muka samu kafin a juye buhu, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Matar ta karɓi dutsen ta juya shi. A karon farko ta yi murmushi.

"Wannan ba namu ba ne. Ya ma fi namu kyau. Daga ina?"

Kafin Auta ta numfasa, Mai Makullai ya yi tsalle ya dire a tsakiyar maganar.

"Tsarinmu ne, ranki ya daɗe. Mukan gayyato masana daga cikin al'umma su haɗa hannu da malamai. Ni na fito da shi. Ga ma babanmu can a taga. Baba, shigo mana! Wa ya bar Baba a rana?"

Duk aka juyo. Maganar tana bakina, cikakkiya, na ma jera ta. Sai na haɗa ido da Auta. A idonta na ji ta sarai: Baba, da ka yi shiru.

Na shiga. Ya dafa kafaɗata aka ɗauki hoto. Hannunsa sanyi kamar na kwaɗo.

* * *

Ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. A gabana ya yaga takardar tuhuma. Baƙin sun rubuta yabo, har suka aiko da akwati na biyu, na ma'adinai, kyauta ga makarantar da ta fi amfani da kayanta. Ya kira taron malamai ya danƙa wa Auta makullan duka biyun, aka yi tafi. Sannan ya zaro wata takarda ya ce ƙa'ida ce, ta sa hannu. Duk abin da ke cikin akwatunan yana wuyanta. In ɗaya ya ɓace ko ya fashe, sakaci ne da kayan makaranta, hukuncinsa sallama. Duk ƙarshen wata shi da kansa zai ƙirga.

Da zai wuce ni ya rage murya. "Makulli ka ce, tsoho. Ga makulli."

An tabbatar da ita a aiki. Inna ta yi guɗa, ta daina buga murfin tukunya.

Bayan wata biyu na biyo ta makarantar gab da tashi, na leƙa ta tagar nan. Akwatunan suna kan kabad a kusurwar aji, ɗaya bisa ɗaya, an lulluɓe su da leda saboda yoyo. Auta tana jikin allo ta ba ni baya. Katantanwa take zanawa, a hankali, tana gogewa da yatsa tana gyarawa. Ta iya zane, ba laifi.

Na jira aka tashi.

"Auta, ga dutsen can a bayanki, taku uku."

"Na sani, Baba."

"To?"

Tana tattara littattafai, ba ta dube ni ba. "Su sittin da huɗu ne. Ni kaɗai ce. Mai laushin nan in ya faɗi sau ɗaya ya tafi."

"To ba ni nawa in tafi da abina. A gaba goma sha takwas na ciro shi, igiya ta kusa tsinkewa da ni."

"An sa masa lamba, Baba. Yana cikin jerin." Ta zuge jakarta da ƙarfi. "Idan ɗaya ya ɓace, wa zai amsa?"

Ita ma ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta tsaya cak, kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara mayafi ta yi gaba.

Na bi ta a baya. An yi ruwa da safe, kududdufin ƙofa ya cika, yara suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya a kan duwatsuna, jan marmara, baƙin nan mai jan allura, duk sun nutse rabi a taɓo. Auta ta tattare zaninta ta taka su ta haye. Makulli ɗaya ba ya ƙara, sai ya samu ɗan'uwa. Nata biyu ne, ta ɗaure su a hannun jaka, kuma duk takun da ta yi ina jin su.